Tsohuwar Ƙasar da Ke Ƙarƙashin Mashigin Benin

Wanda ya tsaya bakin teku a Ikko ya dubi kudu ba zai ga kome ba sai ruwa. Wannan wuri shi ake kira Mashigin Benin, watau inda Tekun Atlantika ya yi lungu ya shigo, tun daga gabashin Ghana har zuwa bakin Kogin Kwara. Ƙasar da ruwan nan ya rufe kuwa ba tun fil azal take a nutse ba. A da can sarari ce, koguna na ratsa ta.

Ba cika da janyewar da teku ke yi sau biyu kowace rana ake nufi ba. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce duniya ta yi matsanancin sanyi, ruwa mai ɗimbin yawa ya daskare ya zama ƙanƙara bisa ƙasashen arewacin Turai da Amurka. Saboda haka teku ya ragu da kimanin mita 120. Daga gaɓar Ikko kuwa, ƙasar teku tana gangarawa ne sannu a hankali har kilomita 30 da ɗoriya, kafin ta zurma cikin zurfi sosai. To, a zamanin sanyin nan kusan dukan wannan fili ya fito fili. Can gabas ma, a Mashigin Bonny, tsibirin Bioko haɗe yake da Kamaru, ana iya zuwa da ƙafa.

Da teku ya ja baya, sai koguna suka bi shi, suna kai yashi da laka har bakin gangaren. Daga nan kayan su kwarara ƙasa da ƙarfi, suna ƙara yanke kwazazzabai a ƙarƙashin ruwa. Irinsu ne kwazazzabon Avon da ke gabas da Ikko, da na Mahin daura da gaɓar Jihar Ondo.

Sa'an nan duniya ta ɗumama, ƙanƙara ta narke, ruwa ya komo yana haɗiye ƙasa kaɗan kaɗan, har ya kusa tsayawa inda yake yanzu wajen shekara 6,000 da suka shige. Duk inda gaɓa ta ɗan daɗe, igiyar ruwa ta tara yashi ta bar shi a can. Shi ya sa ake samun tsohon yashin gaɓa nesa da gaɓar yau, lakar Kwara kuma tana ta rufe shi a hankali. Har wa yau akwai jerin duwatsun matattun murjani, waɗanda masana biyu, Allen da Wells, suka bayyana a 1962. Masu jiragen kamun kifi da ke jan taru a ƙasan ruwa dole su yi hattara da su, gama sukan yaga taru.

Aikin bai ƙare ba. Daga 1900 zuwa yau tekun duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20, hawan kuma yana ƙara sauri. Abin kamar kaɗan ne, amma a gaɓa mai faɗi wadda ba ta da tudu, ɗan hawa yana cin ƙasa mai yawa. Hannun mutum ma ya sa baki. Igiyar ruwa a nan tana tura yashi daga yamma zuwa gabas; da aka gina katangun duwatsu a bakin tashar jiragen ruwa ta Ikko tsakanin 1908 da 1912, sai yashi ya taru a gefen yamma, gefen Bar Beach kuma ya yi shekaru yana zaizayewa. A garin Ayetoro na Jihar Ondo teku ya riga ya cinye gidaje masu yawa.

Saboda haka ana jan hankalin masu haƙar yashi su nisanci gaɓa, su nemi izinin hukuma kafin su fara. Ramin da aka haƙa kusa da gaɓa, teku da yashin gaɓar yake cike shi.