Fura-2: hasken da ke tona saƙon ƙwayoyin jiki

Jama'a, kun san kasuwa ba ta ci sai da ɗan aike. To, haka jikinmu yake. Ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi mutum, waɗanda ido ba ya gani, kullum cikin aika wa juna saƙo suke. Ɗaya daga cikin manyan ƴan aiken shi ne kalsiyom, sinadarin nan da muka sani a ƙashi da madara. Duk bugun zuciya, sai ya kwarara cikin ƙwayoyinta kafin ta matse. In sukari ya hau cikin jini, shi ne ke ba da umurni a saki insilin.

Matsalar masana ita ce ganinsa yana aiki. In ka kashe ƙwaya don ka auna, kamar ka zo kasuwa ne bayan ta watse.

A shekara ta 1985, Roger Tsien da abokan aikinsa a Berkeley, cikin ƙasar Amurka, suka haɗa wani rini da ke shiga ƙwaya tana da rai. Da zaran ya kama kalsiyom, sai haskensa ya canza, a gan shi ta na'urar hangen ƙananan halittu. Sunansa Fura-2. Masu sayar da fura, ku kwantar da hankalinku, babu gero a ciki!

Tun 1962, wani ɗan Japan, Osamu Shimomura, ya gano wani sinadari mai koren haske a jikin wata halittar teku mai siffar lema. Shi da iyalinsa sun yi shekaru suna kamun su da hannu, dubu bisa dubu. A 1994 Martin Chalfie ya sa wata ƴar tsutsa ta riƙa yin sinadarin da kanta. Tsien ya mai da shi launi-launi, a 1997 kuma ya fito da wani ma'aunin kalsiyom mai canza launi, aka sa masa sunan hawainiya. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2008.

Mu abin da ya fi jan hankalinmu shi ne magani. Wasu ƙwayoyin hawan jini da ake sha, irin su amlodipin, aikinsu tare ƙofar kalsiyom ne don jijiyoyin jini su saki. Da irin wannan rini masu haɗa magani ke gwada dubban sinadarai a kan ƙwayoyi masu rai, suna kallon wanda ya rage hasken.