Inbata ta ƙi karɓar wutar janareto: laifin wa?

Tsakiyar damina ce, kwana uku a jere hadari ya rufe rana, farantan solar da ke saman rufin gidanmu sun zama ado kawai. Wajen ƙarfe tara na dare inbata ta fara kukan nan nata na batir ya yi ƙasa. Na fita bayan gida na ja igiyar janareto, ya tashi lafiya ƙalau, na dawo na murɗa canjoba. Bayan wasu daƙiƙoƙi na ji ƙas daga cikin inbatar, alamar ta karɓi wuta. Nan take muryar injin ta canza, ya yi wani gurnani kamar an shaƙe shi, sai wani ƙas ɗin, ta saki. Injin ya sami kansa, ya koma aiki tiryan-tiryan. Ba a jima ba ta sake kamawa, ya sake nishi, ta sake saki. Haka suka yi ta yi har na gaji na kashe, muka kwana da fifita.

Da safe na riga na yanke hukunci: inbata ta ƙone, sai a kwance ta a kai kasuwa. Allah ya taimake ni na fara kiran wani mai gyaran wuta da ke unguwarmu. Ya zo da mitarsa ta gwaji a aljihu, bai ko taɓa sukundireba ba. Ya ce in tada injin, ya tsaya yana kallon ɗan allon da ke gaban inbatar.

"Malam, zo ka ga," in ji shi. "Kafin ta kama, 228. Duba yanzu."

Lambar ta gangaro kamar guga a rijiya, ta wuce 190, ta wuce 170, sai ƙas.

"Injiniya, ke nan ba ta lalace ba?"

"Lafiyarta lau. Kaya kuka ɗora wa jaki irin na raƙumi."

Abin da na koya a ranar, da wanda na bi diddigi daga baya, shi ne wannan: inbata mai caji ba ta karɓar duk wutar da aka miƙo mata. Mai gadi ce a bakin ƙofa. Kafin ta rufe ɗan makunnin cikinta, wanda ke yin wannan ƙas ɗin, sai ta auna ƙarfin wutar, ta ƙirga saurin bugunta, ta dubi kyan zubinta, ta kuma jira ta ga abin ya tsaya daram na ɗan lokaci. Wutar gida a Najeriya da Nijar ana sa ran ta zo da bolt 230 ko kusa da haka, tana bugawa sau 50 a daƙiƙa. In abin da ya shigo ya fita daga iyakar da aka sa mata, sai ta juya masa baya ta ci gaba da jan batir, ko da kuwa ƙwan fitilar maƙwabci yana ci da wutar nan ɗin.

Iyakar kuwa ba ɓoyayya ba ce. Galibin inbatocin da suka cika kasuwanninmu, masu lambobin saiti daga 01 zuwa sama, tsari ɗaya suke bi ko da sunan da ke goshinsu ya bambanta. A lamba 03 akwai zaɓi biyu. In an sa UPS, tana karɓar wuta daga bolt 170 zuwa 280, tana kuma sauyawa zuwa batir cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, don kada kwamfuta ta mutu. In an sa APL, ƙofar tana faɗaɗa, daga 90 har 280, amma sauyin yana ɗan ninka wancan jinkiri. Wannan shi ne sirrin gidajen da ke ƙarshen layi, nesa da taransifoma, inda da magariba wutar NEPA ke zuwa a wahale, abin da muke kira lo-karen: fanka tana juyawa kamar mai jin barci, inbata kuma ta yi kamar ba ta san an kawo ba. Mayar da ita APL yakan sa ta karɓa. Sai dai a sani, ba gyara wutar take yi ba. Yadda ta shigo haka take wuce da ita cikin gida. Firijin da aka ba bolt 130 injinsa zafi yake yi har ya ƙone. A ganina wanda layinsa ke da wannan hali gara ya sa sitabilaiza mai girman da ya dace a gaban inbatar, da ya buɗe ƙofa ya bar kowane irin baƙo ya shigo.

Tawa matsalar lissafi ce tsagwaronta. Wanda ya haɗa mana solar ya sa lamba 11, wato iyakar cajin da za a ja daga wutar waje, a kan amfiya 60. Kuma yana da hujja: wutar layi awa uku ko huɗu take yi mana, dole a cika batir kafin a ɗauke. To amma batirin bolt 48 yayin caji yana kai wa wajen 54. Ninka 54 sau 60, ka sami wat 3,240, ka ƙara abin da ke salwanta a matsayin zafi, an haura 3,500. Janareto nawa kuwa kVA 2.5 aka rubuta a jikinsa, wanda a aikace bai fi wat 2,000 ba, shi ma sai yana sabo. Ga firiza, ga fankoki, duk a kansa, domin da zarar inbata ta karɓi wutar waje, lodin gidan gaba ɗaya wucewa yake yi zuwa kan injin, ƙari a kan cajin. Wannan ne mutane da yawa ba sa lura da shi: rage lamba 11 caji kawai yake ragewa, bai hana wani ya jona dutsen guga ba.

Injiniya ya sauko da ita zuwa 20. Wat dubu ɗaya da 'yan kai ke nan. Ta kama, injin ya ɗan sunkuya, ya miƙe, ya riƙe. Mintuna biyar aikin ya ci.

Akwai dalilin da ya sa ƙaramin janareto ke saurin durƙushewa. Bugun wutarsa ɗaure yake da gudun injin: ƙananan na fetur sai sun yi juyi 3,000 a minti kafin su ba da bugu 50, manyan na dizal da yawa 1,500. In lodi ya faɗo masa a lokaci guda, gudu ya ragu, bugun ya ragu, ƙarfin wutar ma ya biyo baya, kafin gwamnan injin, wato na'urar daidaita gudunsa, ya buɗe mai ya farfaɗo. Injin da kabiretarsa ta toshe, ko matatar iskarsa ta sha ƙurar hunturu, ko wani makanike ya taɓa masa gwamna da kunne kawai ba da mita ba, za ka ji yana hawa yana sauka ko babu lodi. Irin wannan ba inbatar da za ta amince da shi. Zafi ma yana rage masa ƙarfi, haka tudu: ana ƙiyasta injin yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 a duk mita 300 na hawa sama, don haka injin da ya wadatar a Legas ba lalle ya yi haka a Jos ba, garin da ke sama da mita 1,200. Masu aikin sukan ce a nemi janareton da ya fi abin da za a ja da rabi ko ma ninki, kuma ban ga laifin maganarsu ba.

Sai ɗan ƙaramin nan mai haɗa fetur da baƙin mai, na masu aski da masu cajin waya. Ba shi da na'urar daidaita wuta da ake kira AVR, zubin wutarsa kuma a karkace yake. Mita za ta iya nuna maka 220, inbata ta ƙi, domin ita siffar wutar take dubawa, ba lamba kaɗai ba. Wasu inbatoci masu tsada, irin su Victron MultiPlus, suna da saiti na musamman don injin mai rauni, har suna ɗora masa lodi sannu a hankali, su kuma tallafa masa daga batir idan nauyi ya yi yawa. Ta gidanmu ba ta kai nan ba.

Duk wannan idan allon ya nuna wuta ta shigo ke nan. In kuwa wurin shigar wuta sifili yake nunawa alhali injin yana ta aiki, to wutar ba ta iso ba, a bi hanya. Birekar jikin janareto, canjoba, birekar da ke gaban inbata, sannan ɗan maɓallin da wasu inbatocin ke da shi a ƙasa ko gefe, wanda ke tsalle in an ja fiye da kima, sai an danna shi ya koma. Mai gwaji ya auna tsakanin laif da nutural a kan bakin shigar inbatar kanta, ba a soket ɗin falo ba. Sau da yawa a nan ake tarar da sukurun da ya saki, waya ta yi baƙi, roba ta narke tana wari. Babu lodi za ta nuna 230 cif, da an ja wuta sai ta zube. Siririyar waya mai tsawo haka take yi, balle irin wadda aka shafa wa jan ƙarfe a sama cikinta kuwa alminiyom ne. Inbata mai kilowat 5 tana son waya mai kaurin murabba'in milimita 6, ba igiyar ekstenshan da ake jona talabijin ba.

Wani lokacin kuma ta karɓi wutar, gida ya haskaka, batir dai ba ya hawa. A leƙa lamba 16. In OSO ce a wurin, an umarce ta kada ta yi caji da komai sai rana, kuma biyayya take yi. SNU ce ke ba ta damar haɗa rana da wutar waje. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma kai kuɗin wutar 'yan rukunin A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, masu haɗa solar da dama suna sa OSO da gangan don rage wa mai gida kashe kuɗi, sai su manta ba su faɗa masa ba. Lamba 01 ma tana rikita mutane: in SBU ce, inbata za ta ci gaba da shan batir ko an kawo wuta, har sai ya sauka zuwa iyakar da aka yanka masa. Batirin litiyom kuwa yana da nasa mai gadin a ciki, wanda kan rage caji ko ya rufe ƙofa gaba ɗaya in ya yi zafi ko ya ƙare ƙurmus, kuma akwai inbatocin da ba sa farkawa da wutar waje in ba su ga batir ba.

Akwai inda nake roƙon mai karatu ya janye hannunsa. In birekar kariya daga shokin tana faɗuwa duk lokacin da aka koma kan janareto, yawanci rikicin nutural da wayar ƙasa ne: ƙananan injuna da yawa ba a haɗa musu biyun ba, wasu inbatocin kuma suna haɗawa da kansu su raba gwargwadon inda wuta ke fitowa, in aka sami haɗi biyu a gida ɗaya sai bireka ta ga kamar wuta na zurarewa. Cire birekar ba magani ba ne. Haka in allon ya nuna 290 ko 300 daga wutar layi: mai yiwuwa nutural ta tsinke a kan falwaya, a gidan da ke da layi uku kuwa hakan na iya tura wutar ta doshi 400. Inbatar da ta ƙi wannan ceton kayan gida ta yi, a kashe babbar bireka a kira masu wuta. Mafi muni shi ne musanya bakin shiga da bakin fita, ko jona janareto kai tsaye a soket ba canjoba. Na farko yana ƙona inbata nan take. Na biyu yana mayar da wuta kan layi, inda wani bawan Allah ke saman falwaya yana zaton an ɗauke. Shi kuma injin, komai ruwan sama da tsoron ɓarayi, waje ne wurinsa, nesa da taga. Hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari.

Lokacin da Arewa ta shafe sama da mako cikin duhu a watan Oktoban 2024, bayan matsalar manyan layukan Shiroro zuwa Mando da na Ugwuaji zuwa Apir, maƙwabta uku suka turo yara a kira ni, wai inbatarsu ta ƙi injin. Biyu lamba 11 ce. Na ukun bireka ce a kashe, an yi shara an taɓa ta.

Yanzu a jikin bangon da ke gefen inbatarmu akwai 'yar takarda da na manna da salatif: layi 60, inji 20. Uwargida ta fi ni tunawa da ita. In ta ji na nufi bayan gida da galan, kafin in ja igiya sai in jiyo ta daga ciki: "Baban yara, dakata in sauke lambar tukuna."