Me yaranmu ke kallo a katun?

A Atonsu da sauran zangunan Kumasi, yaro kan taso daga makaranta ya karɓi wayar mahaifiyarsa ya buɗe YouTube. Iyaye da yawa sun ɗauki katun wasan yara ne kawai, alhali kowane fim yana ɗauke da aƙidar masu shi.

Superbook, wanda tashar CBN ta Amurka ke yaɗawa, labaran Baibul yake koyarwa a fili. The Prince of Egypt na 1998 ya zana Annabi Musa (AS) da fuska da murya, shi ya sa Malesiya ta hana nuna shi. The Golden Compass na 2007 kuwa an ɗauko shi daga littafin Philip Pullman, marubucin da bai yarda da Allah ba, har ƙungiyar Catholic League ta yi kira a ƙaurace masa. Irin wannan ya fi damuna, domin yaro labarin yake bi, saƙon na shigarsa bai ankara ba.

Gana ta yi dokar tantance finafinai a 2016, amma hannun hukuma bai kai wayar cikin ɗaki ba. Wasu iyaye sun koma ga Omar & Hana na Malesiya, mai koyar da addu'o'i da ladabi, wanda ake samu da Turanci da Larabci.