TSOHON ZUBI KO SABO: INA SAHIHIN LABARIN BAGAUDA?

Akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu sha'awar wasannin bidiyo a ƙasashen duniya, wadda kuma wayar hannu ta kawo ta har bakin ɗalibanmu. Gardamar kuwa ita ce: idan kamfani ya fito da wasa mai ɗauke da labari, bayan wasu shekaru ya sake ƙera shi da sabon zubi, ya yi ƙari da ragi a ciki, to, wanne za a riƙa a matsayin sahihi? Na farkon, domin shi ne asali, ko kuwa na bayan, domin shi ne maganar ƙarshe ta masu abin?

Wataƙila mai karatu ya ce wannan zancen yara ne. To, bari mu duba misali guda. Cikin 1996 kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fito da wasan Resident Evil, watau labarin wasu zaratan 'yan sanda da suka faɗa wani tsohon gida cike da dodanni. Cikin 2002 kamfanin ya sake ƙera wasan, ya ƙara wurare, har ya shigo da wata mai suna Lisa Trevor, wadda babu ita sam a zubin farko. Amma abin lura ba nan yake ba. Wanda ya zaɓi yin wasan da Chris yana iya fita tare da Jill da Rebecca, wanda kuma ya zaɓi Jill yana iya fita tare da Chris da Barry. Babu hanyar da mai wasa zai bi ya ga su huɗun sun fita tare, ko a tsohon zubi ko a sabo. Duk da haka wasannin da suka biyo baya sun ɗauka dukansu sun tsira, a kan haka kuma suka ɗora. Ashe labarin da aka yarda da shi ba ya cikin ko ɗaya daga zubin biyu. Na baya ne suka harhaɗa shi.

Mu nan ƙasar Kano muna da matsala irin wannan, wadda ta girmi na'ura nesa ba kusa ba, sunan da ake gardamar a kansa kuma yana bakin kowane manomin rani na yankin Kura da Bunkure. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Bagauda, wadda ta fara shayar da gonakin gwaji na Kadawa, kafin a gama babbar madatsar Tiga cikin 1974, ruwa ya wadata ga masu shinkafa da alkama da tumatir. Masaukin baƙin da aka gina a bakin tafkin, wanda daga baya ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, shi ma sunan nan yake ɗauke da shi. Ka tambayi ɗan sakandare a Kura wane ne Bagauda, nan take zai amsa maka cewa shi ne Sarkin Kano na farko, ya hau sarauta cikin shekarar 999. Daga ina wannan amsa ta fito?

Tushenta shi ne littafin nan na Larabci da aka sani da Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna 48, daga Bagauda zuwa Sarki Muhammadu Bello, wanda ya rasu cikin 1893. A ruwayar wannan littafi, Bagauda bai tarar da ƙasa kango ba. Akwai mutanen Dala, masu bautar Tsumburbura a ƙarƙashin babban bokansu Barbushe, wanda ma ya faɗa musu tun da wuri cewa wani zai zo ya mallake su. Bagauda ya zo da rundunarsa, ya zauna a Sheme, ya yi shekara 66 yana sarauta. Ganuwar birni kuwa sai a zamanin jikansa Gijimasu aka fara ta.

Sai dai fa mai Tarihin bai rubuta shekarar hawan sarakunan farko ba. Tsawon mulkin kowane sarki kawai ya bayar. Baturen mulki H. R. Palmer, wanda daga baya ya zama Laftanan Gwamnan Arewa, shi ne ya juya littafin zuwa Turanci cikin 1908, ya ɗauki waɗannan shekaru ya yi ta lissafi da baya da baya, har ya tsaya a shekarar 389 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 999. Saboda haka shekarar nan da yara suke haddacewa, da ma'aikata suke sakawa cikin jawaban manya da takardun yawon buɗe ido, ƙari ce ta sabon zubi, kamar dai Lisa Trevor. Kuma lissafi ne mai tsawon igiya: idan an yi kuskuren shekara uku-uku a mulkin sarakuna goma kacal, shekara 30 ta goce ke nan. Wannan ba aibi ba ne ga Palmer, domin aikin mai lissafi ya yi. Matsalar ta taso ne daga waɗanda suka kwafe adadin suka manta da yadda aka samo shi.

Bayan Palmer, Ofishin Fassara na Zariya a ƙarƙashin Dokta R. M. East ya fitar da Tarihin da Hausa cikin 1933, a littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Cikin 1958 kuma Alhaji Abubakar Dokaji ya wallafa Kano Ta Dabo Cigari, ya kawo labarin har zamaninsa. Ta waɗannan hanyoyi ne Tarihin ya shiga aji.

To, ga kuma ruwaya ta biyu, watau Waƙar Bagauda, wadda ta haɗa jerin sarakuna da wa'azi a kan ƙarewar duniya, wadda kuma Mervyn Hiskett ya buga da fassara a Landan cikin 1964 da 1965. A nan Bagauda maharbi ne daga Gaya, wanda ya tarar da dawa babu kowa, ya yi saran farko, mutane suka biyo shi suka zauna. Sunayen sarakunan farko da shekarunsu ma sun saɓa wa na Tarihin a wurare da yawa. Mutum ɗaya, ga shi mai runduna da ya ci ƙasa mai mutane, ga shi kuma maharbin da ya share daji. Ba za a ce ɗaya ta kwafi ɗaya ta ɓata ba. Kowace da abin da take son tabbatarwa. Mai Tarihin yana kallo daga fada, yana ƙidayar yaƙe-yaƙe da sarautu, mai waƙar kuwa yana son mai sauraro ya ga yadda kowane sarki, komai daɗewarsa, ya wuce.

Wanda zai ce a koma ga asali kurum, sai ya faɗa mana wanne ne asalin. Masana kansu ba su haɗu a kan lokacin da aka rubuta Tarihin ba. M. G. Smith yana ganin an fara shi tun da daɗewa ana ta ƙari, Murray Last kuwa yana ganin a zamanin Muhammadu Bello aka haɗa shi, har ya danganta aikin ga Ɗan Rimi Malam Barka. Ko wanne aka ɗauka, tsakanin Bagauda da rubutun da ke hannunmu akwai ƙarnuka masu yawa na ruwayar baka, wadda kowane zamani yake sake wa zubi.

Inda muka bambanta da masu wasan bidiyo shi ne, su suna da kamfani mai mallakar labari, wanda in ya ga dama zai tsayar da magana. Labarin Bagauda kuwa ba shi da mai shi, sai manhajar makaranta da takardar jarrabawa suka zama alƙalai ba tare da an naɗa su ba. Su suka ɗauki sarautar daga Tarihin, suka ɗauki shekarar daga Palmer, suka bar waƙar a waje. A ganinmu ɗalibi ba shi da laifi in ya rubuta 999, domin ita mai gyaran jarrabawa yake nema. Amma malamin da ke koyar da shi, da jami'in da ke tsara jawabi, ya kamata su riƙa cewa "bisa lissafin Palmer", su kuma ambaci cewa akwai ruwayar da ta ce daga Gaya ya zo. Matanin Hausa na waƙar yana nan cikin bugun Hiskett, ga duk ɗalibin Jami'ar Bayero da ke son ya ajiye jerin sarakunan biyu gefe da gefe ya gwada.