Mubi, garin da ya makara shiga Najeriya

Ranar 1 ga Oktoba, 1960, da ake shagalin samun 'yanci a Legas da Kaduna, Mubi ba ta cikin Najeriya. Tana yankin Arewacin Kamaru ne, wanda Ingila ke riƙon amanarsa tun bayan da aka kori Jamusawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai da aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961, jama'a suka zaɓi Najeriya, aka shigo ranar 1 ga Yuni. Aka raɗa wa sabon lardin suna Sardauna, Mubi ta zama hedikwatarsa. A Kamaru kuwa abin bai yi wa Shugaba Ahmadu Ahijo daɗi ba, har ya mai da ranar ta makoki.

Kogin garin ma bauɗaɗɗe ne. Yawancin ruwan Adamawa, jihar da Mubi take ciki, Binuwai yake faɗawa, daga nan sai teku. Shi kuwa Yadzaram arewa ya miƙa, ya bi ta Borno zuwa yankin Tafkin Chadi. Da rani ruwan kan ja baya, 'yan lambu su mamaye gaɓa.

Baƙon da bai leƙa Tike ba, bai ga Mubi ba. Kasuwar shanu ce da ake kawo mata dabbobi daga Kamaru da Chadi, tireloli su kwasa zuwa Kudu duk mako. Za ka ji Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa a ciniki guda, ana lissafi da naira ana juya shi zuwa sefa. Ka sa tsohon takalmi kawai.

Garin da ke da irin wannan kasuwa ba ya rasa balangu da tsire da kilishi. Amma a ganina abin nema shi ne kunun gyaɗa, wanda mutanen Adamawa ba su yarda wani ya fi su iya dama shi ba, sai kuma miyar Margi ta kifi da yakuwa da alayyafo, mai ɗan tsami.

Babban abin mamakin yana arewa da garin, a ƙaramar hukumar Madagali, kan duwatsun Mandara. Sukur ke nan, wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya, a 1999, shekara 6 kafin kurmin Osun na Osogbo. Mota ba ta kai ka fadar Hidi, sarkin wurin. Da ƙafa ake hawa, kan hanyar da kakanninsu suka shimfiɗa da falalen duwatsu. Gonakinsu hawa-hawa ne a jikin tsauni, an tokare kowace da jeren dutse don kada ruwa ya wanke ƙasa. A da sun shahara da narka tama, suna sayar wa maƙwabta ƙarfe. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne turken sa: rami ake ginawa da dutse a cikin gida, a ajiye sa a ciki ana ba shi abinci har ya yi ƙiba. Masu kiwon zamani sai su je su ɗauki darasi.

Tsallaken iyaka, a Rumsiki ta Kamaru, akwai boka mai duba da ƙaguwa. Yakan zuba yashi da ruwa a tukunya, ya jera 'yan sanduna da sakaina, ya saki ƙaguwar, sannan ya fassara yadda ta watsa su. Turawa 'yan yawon buɗe ido sun daɗe suna biyan kuɗi don wannan. Mu dai kallo ne namu, gaibu na Allah ne. Ƙabilar Kapsikin da ke can da Higin Michika jama'a ɗaya ce, iyaka ce ta raba su.

Mai tahowa daga Yola kuma ya sa ido a wajen Song, zai hangi duwatsu uku a jere da ake kira 'yan'uwa mata uku.

A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram sun kama Mubi, suka ce sunanta ya koma Madinatul Islam. Sunan bai yi wata guda ba sojoji da mafarauta suka fatattake su. Sukur ma 'yan Boko Haram sun taɓa ta da wuta a shekarar. Don haka mai niyyar hawa dutsen ya fara tambayar mutanen gari halin da hanyar Madagali ke ciki, ya nemi ɗan jagora, kuma ya yi sammako.