AMSOSHIN WASIƘUNKU: Wa Ke Yi Wa Arzikin Ƙarƙashin Ƙasa Kuɗi?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga Tozai cikin Ƙaramar Hukumar Isa ta Jihar Sakkwato, ya aiko yana cewa: "Mukan ji a rediyo an ce kamfani kaza ya gano zinari na miliyan kaza. Kuma akwai masu yawo da takardu da 'yan duwatsu a leda suna neman a zuba kuɗi a yi tarayya. Shin wa ke auna abin da ke binne a ƙasa har ya yi masa kuɗi? Karatu ake yi, ko kuwa duba ne?"

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, matambayi ba ya ɓata. Karatu ake yi, mai tsawo kuwa, kuma aikin yana da ƙa'ida.

Kai da kake cinikin hatsi ka san rabin aikin. In an kawo maka buhun gero a kasuwar Shinkafi, ai ba ka yarda da na bakin buhu kaɗai. Kakan soka ƙarfe sama da tsakiya da gindi, ka murza a tafin hannu, sannan ka taya. Haka masanin ma'adinai yake yi wa ƙasa. Yakan kawo inji mai kama da na rijiyar burtsatse, ya huda ramuka a jere, ya zaro dutse, a kai ɗakin gwaje-gwaje a ga giram nawa na zinari ke cikin kowane tan. Tan ɗaya nauyin buhu goma ne na hatsi. A mahaƙar Segilola ta Jihar Osun, wadda ta fara fitar da zinari a 2021, kusan giram 4 ne a kowane tan, kuma ana lissafa ta cikin masu kyau. Ka ga ke nan dutse ɗaya mai ƙyalli a leda bai gaya maka komai ba a kan abin da ke cikin fili.

Bayan gwaji sai a rubuta rahoto, a raba abin da aka samu hawa uku. Na farko zato ne, ramukan kaɗan ne kuma nesa da juna. Na biyu alama ce mai ƙarfi. Na uku awo ne tabbatacce. Duk da haka ba a kiransa dukiya sai an lissafa kuɗin haƙa, da hanya, da ruwa, da haraji, da gyaran ƙasa bayan an gama, an ga akwai riba. Ma'adinin da kuɗin fito da shi ya fi kuɗin sayar da shi, sunansa dutse.

Wahala ce ta haifi waɗannan ƙa'idoji. A 1969 wani kamfani mai suna Poseidon a ƙasar Ostareliya ya sanar da samun ƙarfen nikel. Hannun jarinsa da bai kai dala ɗaya ba ya tashi har dala 280 a farkon 1970, sannan ya rikito da dukiyar jama'a. A 1971 aka kafa kwamiti, wanda a 1989 ya fitar da ƙa'idar da ake kira JORC. Sai kuma kamfanin Bre-X na Kanada, wanda ya ce ya gano zinari fiye da oza miliyan 70 a Busang ta ƙasar Indunusiya. A 1997 wasu suka sake haƙa wurin, aka tarar barbaɗa garin zinari ake yi a kan samfur kafin a kai gwaji. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa biliyoyin daloli sun salwanta, har da kuɗin 'yan fansho. Kanada ta fitar da tata dokar a 2001, Afirka ta Kudu kuwa tun 2000 ta yi tata.

Jigon dukkansu ɗaya ne. Rahoton da za a nuna wa jama'a dole ya ɗauki suna da sa hannun ƙwararre, wanda ya yi aƙalla shekara 5 yana aiki a kan irin wannan ma'adinin, kuma yana cikin ƙungiyar da za ta iya hukunta shi in ya yi ƙarya. Wanda ya goge a dutsen siminti irin na Kalambaina ba zai sa hannu a rahoton zinarin Anka ba, kamar yadda dillalin raƙuma ba ya yi wa goro kuɗi.

Yanke kuɗin fili kuwa wani fanni ne na daban, kuma hanya uku ake bi. Ko a duba abin da aka kashe wajen bincike, ko a kwatanta da yadda aka sayar da wani fili irinsa, ko a lissafa ribar da za a samu shekara bayan shekara, a rage mata saboda jira da kasada. Ai ka san kuɗin hannu da na bashi ba ɗaya ba ne. Mai kimantawa na ƙwarai yakan gwada hanya biyu, ya ce darajar tana tsakanin kaza da kaza, ya kuma bayyana wanda ya biya shi ladan aikin.

Game da inda ake karatun, yaro yakan fara da lissafi da fizik da kimistiri a sakandare. Daga nan sai ilimin duwatsu a jami'a, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Jos, ko aikin injiniyan ma'adinai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Akwai kuma cibiyar horar da ma'aikatan ma'adinai ta tarayya a Jos. In ya gama sai ya yi rajista da majalisar COMEG, wadda aka kafa da doka a 1990, sannan ya bi manya a daji shekara da shekaru. Masu 'ya'ya a makaranta su riƙe wannan, don yankinmu na bukatar nasa masana.

Amfanin masani bai tsaya ga kuɗi ba, domin gwaji yana nuna har abin da ke tare da zinarin. A 2010 yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda dutsen da ake dakawa a cikin gidaje yana ɗauke da gubar dalma, ido kuwa ba ya ganinta. Allah Ya jiƙansu.

Saboda haka in mai takarda ya zo maka, yi masa tambaya uku. Wa ya sa hannu a rahoton, kuma ina lambar rajistarsa? Ramuka nawa aka huda, a wane ɗakin gwaji aka auna? Ina lasisinsa daga ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja? A lura, lasisin bincike daban, na haƙa daban. In ya fara kame-kame, ko ya ce sirri ne, ko ya ce sai yau-yau, to cinikin biri a sama ne, riƙe kuɗinka.

In kuwa gonarka yake so, ka sani tsarin mulkin 1999 ya ce duk ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne. Amma dokar ma'adinai ta 2007 ta ba mai gona haƙƙin diyya a kan amfanin gona da itatuwa da gine-gine, ta kuma wajabta wa kamfani yin yarjejeniya a rubuce da jama'ar gari kafin ya fara haƙa. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. A kira wanda ka amince da shi ya fassara ta a gaban hakimi da shaidu, kai ma ka riƙe kwafi.