Gwajin Suga Na Mako Uku Da Ba A Cika Ambatonsa Ba

Mai ciwon suga a unguwar Tirkaniya, ko asibitin Gwamna Awan na Kakuri yake zuwa, ko tsallaka kogi yake yi zuwa asibitin Barau Dikko, gwaji biyu ya fi sani. Akwai na tsira allura a yatsa, mai faɗin sugan wannan lokacin kaɗai, wanda ko shayin safe kan sauya shi. Akwai kuma HbA1c, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2011 a riƙa gano cutar da shi idan ya kai kashi 6.5 cikin ɗari. Sugan da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini yake aunawa, kuma da yake ƙwayar kan yi kimanin kwana 120 a jiki, lissafin wata biyu zuwa uku yake bayarwa.

To, a nan gizo ke saƙar. Lissafin ba ya yin daidai sai ƙwayar ta cika kwanakinta, alhali Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, waɗanda ƙwayar jininsu ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Zazzaɓin cizon sauro ma yana farfasa ƙwayoyin, ƙarin jini kuma yana dagula lissafin. Sai sakamako ya fito ƙasa da gaskiya, mutum ya koma gida yana hamdala, suga kuwa na can yana cin ƙodarsa da idanunsa.

Don irin wannan ne gwajin furuktosamin, wanda masana a New Zealand suka fito da shi a farkon shekarun 1980, yake da amfani. Ba ruwansa da ƙwayar jini. Sugan da ya manne wa furotin ɗin da ke cikin ruwan jini yake bi, musamman albumin, sai ya ba da labarin mako biyu zuwa uku. Mai juna biyu ba za ta jira wata uku ba kafin a san halin da take ciki. Haka wanda aka sauya wa magani, haka wanda ya yi azumin Ramadan yana son sanin yadda watan ya bar shi. Ba sai an zauna da yunwa ake yin gwajin ba.

Shi ma yana da nasa aibun: ciwon ƙoda mai zubar da furotin ta fitsari, ko ciwon hanta mai tsanani, kan karkatar da sakamakonsa. A ganina wannan bai isa a ajiye shi gefe ba.

Mai karatu, in kana da sikila ko ƙarancin jini, ko ba ka daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, ka faɗa wa likita kafin ya rubuta maka gwaji, ka kuma tambaye shi batun furuktosamin.